25 ga Disamba, daren Noyel

Ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce, yara sun bingire bisa tabarma da kayan fet ɗinsu a jiki sun ƙi yarda a tuɓe musu, ni kuma ga gajiya amma barci ya ƙi zuwa, bari dai in rubuta kafin abin ya bi iska.

Ɗarin bana ba wasa. Buji ya rufe gari tun asuba, maman yara ta tashi ta hura wuta tun ba a kira salla a masallacin bayanmu ba. Akuya kam bana ba a ma maganarta, kuɗinta ya fi ƙarfin albashin mushen lakwal, zabbi na sayo a babbar kasuwa ran Litinin kuma kamar kullum Malam maƙwabcinmu ne ya zo jiya ya yanka mana su, don kowa ya ci hankali kwance. Haka na taso na iske Baba na yi, ban taɓa jin an zauna an yi shawara a kai ba.

Majami'a ta cika har waje. Zumuntar mata sun sha anko, ga tulu ga caki, waƙa ɗaya sai sun maimaita ta har ka manta inda anka faro. Yara sunka yi wasan haihuwar Yesu, Hirudus da rawani da baƙin gilashi yana ta muzurai, namu babban shi ne makiyayi, ya aro malfa da sanda har da ɗan akuya na gaske wanda ya kuɓuce ya shige ƙarƙashin bencin dattawa, dariya har fasto. Da anka natsu fasto ya karanta Luka sura 2, ƙidayar da Kaisar Augustas ya sa a yi, tahiyar Yusufu da Maryamu zuwa Baitalami, babu wuri a masauki. Wa'azin ya yi tsawo gaskiya, amma wuri guda ya kama ni, inda ya ce makiyayan nan masu kwana a daji ne suna warin dabbobi, ba irin waɗanda ake kira fada ba, kuma su anka fara gaya ma labarin. Daga nan ban ƙara jin sauran ba, hankalina ya tahi Danja, can kudu da garinmu Maraɗi, wajen Kaka.

Mu Noyel ɗinmu na ƙuruciya duk can munka yi shi. Da an ba da hutu Inna za ta ɗaure mana kaya a ɗankwali a sa mu motar Dan Isa a ce ma direba ya sauke mu Danja. Kaka mutuniyar wani ƙauye ce can gaba da Tsibiri, kuturta ta kama ta tana da ɗiya guda, mijin ya sake ta, gidansu anka ware mata ƙwaryarta da bukkarta a bayan danga, ko rijiya ba ta zuwa sai an watse. Labarin likitar kutare da wata mishan ta Kirista mai suna SIM ta buɗe a Danja a 1956 ne ya kai ta can, a ƙasa ta tahi. Lokacin magani ƙwaya guda ce, dafson, ka yi shekara da shekaru kana sha, wanga haɗin da ke warkarwa cikin wata 6 zuwa 12 sai bayan 1981 ya fito, ita kam kafin nan yatsun sun riga sun tahi. Can ta warke, can ta haɗu da kakanmu namiji wanda shi ma jinya ta kai shi, can ta haifi Baba.

Ni abin da ya dame ni lokacin shinkafa ce. Shekara duk tuwon hatsi da fura, sai ran Noyel za ka ga shinkafa da jar miya da nama, ga takalmin roba sabo wanda ke cizon dunduniya amma wa ya isa ya sa ka cire, ga riga yadi ɗaya anka yanka mana mu duka har da ƴan uwan da ke Agye. Amma yau abin da ya tsaya mini a ido hannun Kaka ne. Tana da wani cokali da anka ɗaure ma robar tayar keke, sai ta zura dungun hannunta ciki ta ja robar da haƙori ta matse, da shi take ci, kuma ba ta zubar da ko ƙwaya. In ana waƙa tana taɓi da dungu biyu, ba ya ƙara sai wani bup bup, kuma duk ta fi kowa ɗaga murya. Ranar a faranti guda muke ci da ita da ƙawayenta da ma'aikatan likita da duk baƙon da ya faɗo, ita ce ke tura mini tsoka gabana da bayan cokalin tana cewa ci ɗan nan, wanda anka haifa a garke ba ya ƙyamar kowa. Ni kuwa ido na kan naman. Sai da na girma na ji yadda anka yi da ƙwaryarta a ƙauyensu sannan na gane mi ya sa matar nan ba ta yarda ko kaɗan a zuba ma wani nashi daban ran Noyel.

Shi ya sa itacen roba da audugar da ake mannawa a butiki wai ƙanƙara ba su ce mini komi. Ƙanƙara a Maraɗi! Auta ta dame ni sai na sayo mata jar hular Fer Noyel, tsohon nan da ake cewa yana kawo ma yara kyauta, na sayo, ba laifi ba ne, amma ko ita ranar 25 ga wata ba ta cikin Littafi Mai Tsarki, a Roma anka fara rubuta ta a 336, balle wani tsoho mai farin gemu.

Da rana aikin kai kwano. Yara sunka yi ta zirga-zirga gidan Alhaji, gidan Malam, gidan mai wankin bakin hanya, kuma kwano ba ya dawowa wofi, wani da dabino wani da goro, Hajiya ta ba auta dala ashirin. In Babbar Salla ta zo mu ma haka cinyar rago ke shigowa. La'asar ƴan uwan Baba na Tsibiri sunka zo, su Musulmi ne, jikokin waɗanda sunka ware ƙwaryar, yau ga mu hannu cikin faranti ɗaya ba wanda ya tada zancen. Kawu ya ja mana inda Maryam ta girgiza dabino a cikin Suratu Maryam, ya ce ai Annabi Isa namu ne mu ma, na ce Kawu to ka ƙara nama. Inda munka rabu da su a kan ko wane ne shi mun sani sarai, su ma sun sani, bai hana a dafa shayi har zagaye na ukku ba.

Alhaji ya leƙo bayan magariba da sandarsa, ya tsufa ƙwarai bana. Ba na manta Janairun 2015 da anka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai, gari ya ɗauki zafi, mutumen nan ya jawo bencinsa ya dasa a ƙofar gidanmu yana jan casbi har dare ya raba, bai ce mana komi ba mu ma ba mu tambaye shi ba. Yau da na ce Alhaji a ƙaro miya sai ya ce a'a a dai ƙulla masa cincin, na jikoki.

Gobe akwai rigima, kwanoninmu sun cakuɗe da na Hajiya, maman yara ta rantse murfin samira biyu ba nata ba ne. In na samu an gyara mini tayar moto ina so in kai yara Danja kafin a koma lakwal, babban ya fara tambaya mi ya sami hannun tsohuwar da ke cikin hoton ɗakin Baba.