Minti Hamsin a Cikin Mota

Cikin wata biyar abubuwa uku suka same ni. Mahaifina ya rasu, wurin aikinmu ya rage ma'aikata har da ni a ciki, matata kuma ta haifi ɗanmu na fari. Duk wanda ya ce min ya ƙoƙari, sai in ce alhamdulillahi, kuma ba ƙarya nake yi ba. Amma da ƙarfe uku na dare idona biyu, zuciya na dukan uku-uku, tafin hannu ya jiƙe da zufa. Sau biyu na je asibiti dafe da ƙirji. Aka ɗibi jini, aka yi gwajin zuciya, ba a ga komai ba. Likitan da na gani a karo na biyu ne ya ajiye biro ya ce, "Malam, zuciyarka ƙalau take. Damuwa ce ta yi maka yawa. Ka nemi wanda za ka riƙa magana da shi."

Haushi na ji. Ni da ƙirjina ke ciwo, a ce in je in yi hira? Kunya ce ta kai ni intanet, gaskiya, don ba na son wanda ya san ni ya gan ni a layin masu jiran likitan ƙwaƙwalwa.

Mai ba da shawara na farko da na samu a can ban daɗe da shi ba. Ban tambaye shi karatun da ya yi ba, ban tambayi ko yana da lasisi daga wata hukuma ba, hotonsa kawai na gani da kwat na biya. Zama biyu muka yi, shi ke magana ni ke saurare: ka yi haƙuri, ka cire abin a ranka, kowa da irin tasa. Maganar da nake samu kyauta a wajen kowa ce nake biyan kuɗi a kanta. Na kusa cewa duk harkar yaudara ce. Ashe canza mai ba da shawara ba laifi ba ne, su ma masu aikin sun saba da haka.

Ta biyun mace ce, kuma tun daga minti goma na farko na ga bambanci. Ita da kanta ta faɗa min takardun da take da su. Ta ce abin da muka tattauna sirri ne, sai fa idan ta ga ina shirin cutar da kaina ko wani. Ta karɓi adireshin inda nake da lambar wani na kusa da ni, domin idan abu ya ɓaci ita tana nesa, ba abin da za ta iya yi ta cikin waya. Ta kuma ce ba ta rubuta magani, wannan aikin likita ne. Daga nan ta turo min wasu tambayoyi bakwai na auna fargaba da ake kira GAD-7. Kowace tana tambayar sau nawa abu kaza ya dame ka cikin mako biyun da suka wuce, makin kowace daga 0 zuwa 3, jimla 21. Daga 15 zuwa sama ana ɗaukar fargabar ta yi tsanani. Ni 16 na samu. Abin mamaki, ganin lambar ya kwantar min da hankali, tunda abin da ake iya aunawa ba hauka ba ne.

Matsalar da ban hango ba ita ce wurin zama. Ana cewa kana iya yi daga gida, amma gidan da ke da jariri da masu shige da fice ba ya riƙe sirri. Sai na koma mota. Duk Talata da yamma in ce zan fita ganin wani kan maganar aiki, in matsa gaba kaɗan in faka a inuwa, in ɗaga gilashi, in jingina wayar da sitiyari, in sa iyafis.

A zama na huɗu ne na faɗi abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: ranar da Baba zai rasu ya kira ni, na ga kiran ban ɗauka ba, na ce sai na tashi daga aiki. Na gama faɗa, hawaye na zuba, na ɗaga kai. Fuskarta ta daskare a kan allo, baki rabi a buɗe. Sabis ya ɗauke. Da ya dawo ta ce, "Yi haƙuri Malam, ban ji ka ba, ko za ka maimaita?" Kamar in kashe wayar. Na maimaita. A faɗin na biyu muryata ba ta yi rawa sosai ba, har na lura da wani abu da na daɗe da mantawa, cewa da safiyar ranar mun yi magana da shi, har ya yi min dariya. Tun daga ranar muka shirya cewa idan bidiyo ya tsinke, ita za ta kira ni da murya kawai.

Hanyar da take bi sunanta CBT, wadda wani likitan Amurka, Aaron Beck, ya aza harsashinta a shekarun 1960. Tushenta shi ne tsakanin abin da ya faru da yadda ka ji akwai wata magana da kake gaya wa kanka, da sauri har ba ka jin ta. Aikina shi ne in kama ta in rubuta. Misali: na tura takardar neman aiki, kwana biyar shiru. Maganar da ta zo: ba wanda zai sake ɗaukata, yaron nan zai tashi cikin wahala. Fargaba: 90 cikin 100. Sai hujjar da ke goyon bayan maganar, da wadda ke ƙaryata ta. Sau da yawa ɓangaren farko layi ɗaya ne, na biyun ya cika shafi.

Mako biyu ban rubuta ko harafi ba, ina zuwa ina ba ta uzuri. Ba ta yi faɗa ba, lissafi kawai ta yi min: mako awa 168 ne, mu kuma ko awa ɗaya cikakkiya ba mu da ita. A nan na gane na ɗauki zaman kamar allura, a yi min in tafi. Ita ce kuma ta nuna min wani ma'auni na wasu likitocin ƙwaƙwalwa biyu, Holmes da Rahe, na shekarar 1967, mai jera sauye-sauyen rayuwa 43 da nauyin kowanne. Rasuwar na kusa 63, korar aiki 47, ƙaruwa a iyali 39. Har aure yana ciki da 50. Wannan ya sauke min wani nauyi, don na daɗe ina zargin kaina da butulci, wai an ba ni ɗa amma ga ni cikin ƙunci.

Faɗuwar gaban dare ba ta tafi a lokaci ɗaya ba. Abin da ya canza shi ne na san mece ce: jiki ne ya saki sinadarin adirenalin kamar ana bin ka da gudu, abin yakan kai ƙololuwa cikin kamar minti goma sannan ya fara sauka. Na koyi jan numfashi a hankali, in fitar da shi a tsawon da ya fi na shigarsa, in daina duba agogo.

A zama na goma sha biyu makina ya koma 7. Aikin gida na ƙarshe da ta ba ni shi ya fi kowanne wuya: in gaya wa matata. Na jira yaro ya yi barci, na fara kame-kame, wai akwai wata magana game da fitar Talata. Ko ɗagowa ba ta yi ba daga ninke kayan jaririn. Ta ce tun mako na uku take hango motar daga taga, ina zaune ina magana da sitiyari.

"Gobe ka zauna a ɗaki," in ji ta. "Ni zan fita da shi."