Tayar keken tsere a hanyoyin Garwa: tsakanin ƙaya da gudu

Duk wanda ya sayi keken tsere a Garwa, tayar da ya tarar a kai ba don hanyarmu aka yi ta ba. Yawancin kekunan gwanjon Turai ne, a sauke su a Duwala a hauro da su arewa, kuma masu su na farko a kan kwalta mai sumul suka yi ta hawa. Nawa ya zo da siraran tayoyi masu laushin jiki, an rubuta 700x23 a gefensu, wato faɗinsu milimita 23. A cikin gari, musamman a titunan da aka gyara lokacin gasar cin kofin Afirka da aka buga a filin Roumdé Adjia a farkon 2022, gudunsu ba a magana. Amma da zarar na haye gadar Binuwai na miƙi hanyar Ngaundare, ko na ɗauki hanyar Pitoa zuwa Figuil, sai faci ya zama abokin tafiya.

Abin da ke huda taya a nan ya bambanta da abin da ke huda ta a Faransa, kuma sai mutum ya san shi kafin ya kashe kuɗinsa. Na farko shi ne tsidau. Yana fitowa da damina a gefen titi, ya bushe da kaka, 'ya'yansa su watsu, kuma ko ta yaya ɗan ya faɗi akwai tsini ɗaya da ke kallon sama. Garken shanu in ya tsallaka titi yakan kwaso shi a kofato ya zube a kan kwalta. Sai ƙayar aduwa da ta bagaruwa, waɗanda ake sarewa don shinge, ko direban da motarsa ta lalace ya jera rassansu a hanya don gargaɗi, in ya gyara ya tafi ya bar su tireloli su tattake. Wanda ya fi ba ni wahala kuwa shi ne siririyar wayar ƙarfe da ke fita daga fasassun tayoyin manyan motoci masu zuwa Kusiri da Njamena. Ido ba ya ganinta. Takan shige roba ta ɓuya, ka yi faci, ka mayar da tiyub, bayan ɗan lokaci taya ta sake sacewa a wuri guda. Ga kuma ramuka da kaifin bakin kwalta inda ruwa ya cinye gefen titi. Waɗannan ba huda suke yi ba, matse tiyub suke yi tsakanin dutse da bakin wili, su bar ƙananan ramuka biyu dab da juna.

Da na gaji, sai na koma can ɗaya ƙarshen. Na sa aka kawo mini tayoyi masu kaurin gaske, irin waɗanda ke da shimfiɗar roba ta musamman a ƙarƙashin inda ke taka ƙasa. Sanannen misalinsu shi ne Marathon Plus na kamfanin Schwalbe, mai kariyar da kaurinta ya kai milimita 5, wanda ko siririnsa ya haura rabin kilo, alhali tayar tsere mai faɗin milimita 25 ba ta cika wuce giram 220 zuwa 250 ba. Irin wadda na samu ta yi aikinta, tsidau ya daina damuna. Amma in muka fita da abokan hawa da sassafe, da an fara hawan tudu sai in ji kamar cikin yashin kogi nake taka keke. Ga mai zuwa aiki kullum, ko mai tafiyar kwanaki da kaya a baya, babu abin da ya fi irin wannan taya. Ni kuwa don gudu na sayi keken.

Da farko nauyi na ɗora wa laifi, amma nauyin ba shi ne babban abin ba. Duk juyin da taya ta yi, inda ta taɓa ƙasa yana lotsawa ya sake miƙewa, kuma wannan lanƙwasawa tana cinye wani ɓangare na ƙarfin ƙafarka ta mayar da shi zafi. Gwargwadon kauri da taurin robar, gwargwadon abin da take ci. Shi ya sa ake duba saƙar zaren da ke cikin jikin taya, wanda ake rubuta adadinsa da TPI, wato yawan zare a inci ɗaya. Mai 60 zarenta kakkaura ne, tana da juriya amma da tauri. Mai 120 zarenta siriri ne, tana da laushi da gudu, sai dai gefenta ba ya jure karcen dutse. A lura, wasu kamfanoni suna haɗa lissafin shimfiɗu uku su rubuta jimla, don haka in ka ga 330 ba lalle ta ninka mai 120 laushi ba.

Tsakanin waɗannan biyun akwai tayoyin da aka yi don a raba gardama. Kamfanin Continental na Jamus ya isa misali, tunda nasa ne aka fi ji a bakin masu keke. Grand Prix 5000, wadda ta fito a 2018, ta gudu ce: tana da shimfiɗa ɗaya ta Vectran, wani zare mai ƙarfi da ke tare huda, a ƙarƙashin tsakiyarta, gefenta kuwa siriri. Gatorskin ta fi karkata ga juriya, an lulluɓe gefenta da wata saƙa mai hana yankewa. Grand Prix 4 Season ta zauna a tsakiya, da shimfiɗar Vectran biyu da kuma kariyar gefen. A hanyarmu wannan kariyar gefe ta fi muhimmanci fiye da yadda mutane ke zato, domin ƙaya tiyub kawai take ɓatawa, a yi faci a wuce, amma in dutse ya tsaga gefen taya to tayar ta tashi aiki, kuma ba a shagon unguwa za ka samo wata ba.

Sai dai abin da ya fi canza mini tafiya ba sunan taya ba ne, faɗinta ne da yawan iskar da nake ba ta. Mun taso da cewa siririyar taya da aka cika tam ita ce mai gudu. A kan daɓe mai santsi haka ne. A kan kwalta mai tsakuwa da faci-faci irin ta hanyar Marwa, taya mai tauri tsalle take yi, keke yana karkarwa, kuma karkarwar nan ƙarfinka ne ke tafiya a banza ta hannuwa da kafaɗu. Manyan 'yan tseren Turai da kansu sun bar taya mai faɗin milimita 23 tuntuni, suka koma 25, yanzu 28 ko fiye suke hawa. Da na koma 28, na rage iska daga wajen bar 8 (bar shi ne ma'aunin ƙarfin iska a taya) zuwa kusan 5 a baya, ƙasa da haka kaɗan a gaba. Nauyina wajen kilo 70 ne, wanda ya fi ni jiki sai ya ƙara. Gudu bai ragu ba, gajiya ta ragu, kuma matsewar tiyub a rami ta yi sauƙi saboda akwai tazara mai yawa tsakanin ƙasa da wili. Kafin ka saya dai ka auna, domin tsofaffin kekunan tsere da yawa ba sa ɗaukar abin da ya wuce 25 ko 28, kuma dole a bar sararin milimita 3 ko 4 tsakanin taya da firam, in ba haka ba laka da tsakuwa za su riƙa gogar ƙarfe.

Maganar iska tana da wani gefe da wani dattijo mai faci a bakin kasuwa ya nuna mini. Ya ga ina danna famfo da dukkan ƙarfina, sai ya ce, "Ɗana, da sanyin safiya kake cika ta, ka bar wa rana wuri." Na ce, "Baba, ai in ba ta yi tauri ba ramuka za su ci tiyub." Ya ce in taɓa kwalta da azahar a watan Afrilu sannan in dawo mu yi magana. Gaskiyarsa. A Maris da Afrilu zafin Garwa yana haura digiri 40, kwalta kuma ta fi haka nesa ba kusa ba, iskar da ke cikin taya tana faɗaɗa, sholishon tsohon faci yana saki. Shi ne kuma ya koya mini in duba ƙyallen da ke rufe ramukan sifok a cikin wili, domin zafi yana sa shi ya zame, tiyub ya fashe ta ciki, mutum yana ta neman ƙayar da babu ita.

Tayar da ba ta da tiyub, wadda ake zuba wa ruwan roba a ciki ya toshe huda da kansa, a ka'ida ita ce maganin tsidau, kuma wanda ke da ita a cikinmu yana jin daɗinta. Abin da ya hana ni shi ne ruwan yana bushewa da wuri a zafinmu, sai an riƙa ƙarawa, kuma daga Duwala ko Yawunde ko Najeriya ake kawo shi. In ta tsage a tsakanin Ngong da Garwa, mai facin ƙauye ba shi da abin da zai yi maka sai in kana ɗauke da tiyub. Tiyub na baƙar roba kuwa kowa ya san shi. Abu ɗaya da nake ajiyewa a aljihu shi ne ɗan ƙarfen da ke haɗa siririn bawul na keken tsere da famfon masu babur, don bakinsu ba ɗaya ba ne.

Yanzu tayoyina ba iri ɗaya ba ne. A baya mai kariyar gefe nake sawa, 28, domin baya ce ke ɗaukar mafi yawan nauyi, ita ke saurin cinyewa, kuma sau da yawa tayar gaba ce ke tayar da ƙusa ko waya ta baya ta taka. A gaba na sa mai laushi, ita ma 28. Na san na bar ɗan gudu a kan mai tayoyin tsere zalla, amma abin da zai fi ni a doguwar tafiya bai kai lokacin da faci ɗaya ke ci a tsakar rana ba. Da damina nakan ƙara kula, saboda ruwa yana kwaso tsakuwa da kwalba zuwa kan titi, kuma jiƙaƙƙiyar roba ta fi saurin yankuwa. Duk dawowa sai na juya tayoyin a hankali na ciro abin da ya maƙale da tsinken allura kafin ya nutse. Wajen ɗaura taya kuma nakan daidaita rubutunta da bawul, yadda in tiyub ya huje zan san daidai inda zan laluba wayar.

Wanda zai aika a sayo masa, kada ya ce "taya 28" kawai. Ashirin da takwas ɗin da ke kasuwanninmu inci ne na girman wili, ba milimita na faɗin taya ba, kuma ta manyan kekunan dakon kaya ce, faɗin bakinta milimita 635, ta keken tsere kuwa 622 ce, wasu tsofaffin kekunan kuma 630. Ba sa shiga wilin juna. Ka duba gefen tsohuwar tayarka, ka rubuta wa ɗan aiken lambar kamar yadda take, misali 28-622 (faɗin taya 28, faɗin bakinta 622), ka ce masa ya lanƙwasa robar ya duba ko ta fara tsattsagewa don daɗewa a shago. In ka samu mai kyau ka sayi biyu, ka ajiye ɗaya a ɗaki mai inuwa nesa da rana da man fetur, domin ba kullum ake samunsu ba.