Abin da aikin duba fata a Makka da Jidda ya koya mana

Kuskuren da ya fi maimaituwa a tsakanin Hausawa mazauna Makka da Jidda shi ne ɗaukar kowane ƙaiƙayi a matsayin datti. Sai a sa soso mai kaushi da sabulun kashe ƙwayoyin cuta, a yi wanka sau uku a rana saboda zafi, ciwon kuma ya ƙara tashi.

Fata mai lafiya tana da mazauna nata, ƙananan ƙwayoyin halitta irin su bakteriya da fangi, kuma tana da ɗan tsami, kusan 5 a ma'aunin tsami da ake kira pH, wanda ƙaramar lamba a kansa ke nufin tsami ya fi yawa. Sabulun gargajiya yana kai 9 zuwa 10. Idan ya wanke maiƙon fata ya rage tsamin nan, ƙwayoyi masu amfani irin su Staphylococcus epidermidis da Staphylococcus hominis suna raguwa, alhali wasunsu ne ke fitar da sinadaran da ke danne Staphylococcus aureus. Ita wannan ta ƙarshe ita ce ke mamaye wurin da egzima, ciwon bushewar fata mai ƙaiƙayi, ta tashi, gubarta ta ƙara kumburi, mutum ya sosa, fata ta tsage, ta sami ƙofar shiga. Busasshiyar iskar na'urar sanyaya ɗaki tana ƙara tsagewar.

Shi ya sa gyaran fatar ke zuwa kafin maganin kashe ƙwayoyi. Wanka na minti 5 zuwa 10 da ruwa mai ɗumi kaɗan, ba soso, a tsane jiki ba a goge ba, a shafa Vaseline ko man kaɗanya cikin minti 3. Babba mai egzima a jiki da yawa yana buƙatar giram 250 zuwa 500 a mako, kuma da wuya a ga mai shafa rabin haka. Idan wurin ya fara tsiyaya ko ya yi ɓawo mai launin zuma, sai likita ya duba.

Ƙyasbi da amosanin ka hanyarsu daban. Fangin Malassezia ne ke jawo su, mai cin maiƙo, mai son gumi. Shamfu mai maganin fangi na ketoconazole kashi 2 cikin 100 yana aiki idan an bar shi minti 5 kafin a wanke. Launin fata yakan ɗauki watanni kafin ya dawo, kuma a nan ne mutane ke zaton magani bai yi ba, su koma kan man bilicin mai clobetasol, wani magani mai ƙarfi na danne kumburi. Wannan man yana kashe kariyar fata, fangi ya bazu, kamanninsa su sauya har ya yi wuyar ganewa a asibiti.