Lissafin ɗan yayata

Yau bayan la'asar ɗan yayata ya same ni a zaure da wata takarda da ta sha ninki har ta fara yagewa. Ya ce, "Kawu, duba mini lissafin nan kafin Baba ya gani." Ashe digirin kiɗa yake son yi. Ya rubuta Berklee, makarantar kiɗa ta Amurka, inda kuɗin makaranta kaɗai ya haura dala dubu 40 a shekara, ya soke ta da biro. Sai Curtis, ita ma makarantar kiɗa a Amurka, wadda ba a biyan kuɗin karatu tun 1928, amma ɗalibanta duka ba su kai 200 ba, shiga sai mai rabo. Can ƙasa ya sa jami'ar Nsukka, shekara huɗu, ya tara kuɗin mota, ɗaki, abinci da fiyano na hannu. A gefe kuma: situdiyo a Kano, wata shida, ka fara cin guminka.

Har na buɗe baki zan ce ya kama situdiyon, sai na ga yatsunsa suna ta kaɗawa a kan gwiwa, shi bai ma sani ba. Ya ce a situdiyo haɗa sauti za a koya masa, shi kuwa so yake ya iya rubuta kiɗan kalangu da goge a takarda, ko makaɗan sun ƙare kiɗan yana nan. Wallahi jikina ya yi sanyi. Takardar tana aljihuna, kuma gobe ni zan raka shi wajen mahaifinsa.