Godiyarmu ga duk wanda ya tsaya wa Auta

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

A madadin mahaifiyarmu da dukkan 'yan gidanmu, ina sanar da 'yan'uwa da abokan arziki cewa ƙaninmu Auta ya gama gasar tseren jiragen ruwa da ya je a Italiya, kuma ya koma makarantarsa a Iskandariya ta ƙasar Masar lafiya lau. An cire zaren ɗinkin da aka yi masa a goshi bayan raunin da ya ji a gasar, likita ya duba ya ce ƙashi bai taɓu ba. Jiya da daddare ya yi magana da Inna ta bidiyo, ta sa ya matso da fuskarsa kusa da waya har ta ga wurin da idonta, sannan hankalinta ya kwanta. Alhamdu lillahi. Ba su ɗauko kofi ba, an fitar da su a zagayen 'yan takwas. Amma mun ga alheri daga mutane a cikin wannan tafiya wanda idan muka yi shiru a kansa mun yi butulci.

Da yawa sun tare ni a masallaci da kasuwa suna tambaya wane irin tsere ne wannan, wasu sun ɗauka na kwale-kwale ne da filafili irin wanda ake yi a bikin kamun kifi na Argungu. Bari in faɗi yadda Auta ya koya mana, domin sai an san aikin za a san nauyin godiyar.

Jirgin ba shi da inji a lokacin tsere, ba a kuma tuƙa shi da filafili ko sanda. Iska ce kawai ke tafiyar da shi. Akwai dogon ƙarfe a tsaye a tsakiyarsa, an ɗaura masa manyan ƙyallaye, ana ja da sassauta su da igiyoyi gwargwadon inda iska ta fito. Jirgi irin wannan ba ya iya fuskantar iska kai tsaye, dole ya riƙa karkata dama da hagu yana hawa a hankali har ya kai alamar da aka kafa a cikin teku, ya zagaye ta, ya juyo iska na tura shi ta baya. A irin gasar da suka je, ba a sakin jirage da yawa lokaci guda. Biyu-biyu ake karawa, kamar yadda 'yan kokawa ke shiga fili. Masu shirya gasa ne ke ba da jiragen, duk iri ɗaya, ana ma musanya su tsakanin ƙungiyoyi don kada wani ya ce nasa ne ya fi gudu. Har awon nauyi ake yi wa 'yan wasa kafin a fara. Saboda haka abin da ya rage shi ne ƙwaƙwalwa da hannu da haɗin kai.

Abin da ya fi ɗaure wa mutanenmu kai shi ne faɗan yana farawa tun kafin a fara tseren. Saura minti 4 a tashi, jiragen biyu ke shigowa fili, ɗaya daga wannan gefe da tuta shuɗiya, ɗaya daga wancan da tuta rawaya, su yi ta zagaye juna, kowa na neman ya takure ɗan'uwansa ko ya ja shi ya yi laifi. Doka ta ce jirgin da iska ke bugowa ta damansa shi ke da hanya, ɗayan ya kauce. Alƙalai na biye da su a jirgin roba mai inji, nan take suke yanke hukunci da tuta. Wanda aka kama da laifi sai ya yi juyi na tara kafin ya tsallake layin ƙarshe, kuma idan abokin karawarsa ma ya yi laifi, sai tarar biyu su kashe juna. Wanda ke gaba kuma yakan tsaya daidai inda zai tare wa na baya iska. Kowace ƙungiya tana karawa da sauran ɗaya bayan ɗaya, daga nan a shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale. Wannan salo ne ake bi a Kofin Amurka, babbar gasar tseren irin waɗannan jirage, wanda asalinsa ya koma 1851, kuma 'yan New Zealand suka sake lashe shi a Barcelona a 2024. Tasu Auta ta matasa ce, 'yan ƙasa da shekara 23, su huɗu a jirgi. Aikinsa shi ne jan igiyar ƙyalle da kallon ruwa yana faɗa wa matuƙi inda iska ke tahowa.

Wannan aiki na kallon ruwa shi ya sa zan fara godiya daga gida, daga wurin Sarkin Ruwan garinmu. Ranka ya daɗe, Baba, lokacin da Allah ya karɓi ran mahaifinmu, kai ka ɗauki yaron nan ka sa shi a kwale-kwalenka. Kai ka nuna masa cewa idan fuskar ruwa ta yi duhu tana ƙananan ƙwarya-ƙwarya daga nesa, iska ce ke tafe, a shirya. Kai ka koya masa gane inda ruwa ke da ƙarfi a ƙasa ko da samansa ya kwanta, da yadda ake ratsa hanyar da ciyawar kacala ta toshe ba tare da an kife ba. A Kogin Hadejia ya koyi wannan, a fadamun yankin Auyo, tun bai san akwai wani teku da ake kira Bahar Rum ba. Ya gaya mini cewa mai horar da su a Masar ya lura da shi ne saboda yana ganin iska kafin sauran ɗalibai su gan ta, har ya tambaye shi a wace ƙungiya ya koya. Na ga dacewar a faɗi wannan a fili, domin muna yawan raina ilimin masunta da masu fito, mu ɗauka wanda bai zauna a aji ba bai san komai ba. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, Baba.

Sai iyayenmu mata. Makaranta ta ɗauki nauyin tikitin jirgin sama da masauki, amma sabunta fasfo, kuɗin biza, takalmin da ba ya santsi a jiƙe, rigar sanyi da ɗan abin riƙewa a aljihu duk a kanmu suke, kuma kowa ya san yadda naira take idan aka zo canza ta zuwa yuro. Matan unguwarmu suka bar wa Inna kwasar adashen da ba nata ba ne a wannan zagayen. Gwaggo ta fitar da shinkafar da ta ajiye don bikin 'yarta ta ce a kai kasuwa. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, wadda ƙuli-ƙuli ne sana'arta, ta zo da kuɗi a ƙulle a bakin zane, duk 'yan hamsin-hamsin da ɗari-ɗari sun yi laushi da mai, ta ajiye a gaban Inna ta ce, "Ki ba ɗan nan ya sha ruwa a hanya." Ba ta tambayi wace ƙasa ce ba, ba ta tambayi me zai samo ba. Kawu ya sayar da tunkiya. Masu bandar kifi da ke kai kaya kasuwar Hadejia sun yi karo-karo a tsakaninsu suka aiko. Ba zan kama suna ba don na san ba ku so, amma Wanda kuka yi dominsa ya san ku ɗaya bayan ɗaya.

Muna godiya ga Dagaci da Mai Unguwa da suka sa hannu a takardu ba tare da ɓata lokaci ba, da malaminsa na firamare wanda ya zauna ya taya mu cike fom ɗin da ya gagare mu. Allah gafarta Malam, Limamin Juma'a, mun ji addu'ar da ka sa aka yi. Mai gidan kallon ƙwallo ya buɗe mana ɗakinsa da rana tsaka, ya ƙona mansa bai karɓi ko sisi ba. Mai cajin waya ya ba mu wuta daga solarsa. Ranar da sabis ya ɗauke, samari suka hau kan jinga da wayoyi a sama suna kamo shi, suna ƙwala mana sakamako daga can.

Yanzu ga abin da ya girgiza mu. A karawa ta ƙarshe ta zagayen 'yan takwas, iska ta tashi sosai. Su Auta na gaba da tazara kaɗan, sun juyo suna gangarowa. Wajen sauya gefe, ƙarfen da ke kwance a gindin babban ƙyalle ya wulwulo da ƙarfi ya same shi a goshi, ya jefa shi cikin teku. Mu a gidan kallo abin da muka gani kawai shi ne jirginsu ya karkace, mutum uku a ciki maimakon huɗu, sai hoto ya tsaya cak. Ɗakin ya ɗauki salati. Wani yaro ya ruga gida da labari kafin in hana shi, na iske Inna a tsakar gida ta zauna a ƙasa, ba kuka take ba, ba ta kuma magana, sai "Innalillahi" a hankali. Ta ɗago ta ce mini, "Babban yaya, ka gaya mini gaskiya." Ba ni da abin faɗa mata a lokacin. Duk wanda ya rayu a bakin kogin nan ya san abin da ake nufi idan aka ce mutum ya faɗa ruwa da rauni a kai.

Abu biyu Allah ya sa suka zama sanadin tsirarsa. Na farko, rigar kariya da ke jikinsa, wadda ta riƙe shi a saman ruwa lokacin da jiri ya ɗebe shi. Na biyu, mutane. Abokansa uku, biyu 'yan Masar ɗaya ɗan Sudan, nan take suka saki tseren suka juyo kansa. Abokan karawarsu ma, da suka ga jini, sun sassauta ƙyallensu suna nuna wa jirgin ceto inda yake, sai da aka ciro shi suka ci gaba. Auta ya ce doka ta farko a littafin dokokin wannan wasa, kafin a zo maganar wa ke da hanya, ita ce a taimaki duk wanda ke cikin haɗari a ruwa. Yaran nan sun bi ta a lokacin da nasara ke hannu. Matuƙin su Auta, wanda ya shekara yana shirin wannan rana, shi ya kwana a kujera kusa da gadonsa a asibiti, shi ya kira ni da Larabcinsa da guntun Turanci yana maimaita "Alhamdu lillah, alhamdu lillah" har na gane. Ku da iyayenku da suka yi muku tarbiyya, Allah ya saka muku da alheri. Na roƙi Auta ya fassara muku wannan sashe kalma bayan kalma. Haka ma likitoci da ma'aikatan jinya da direban jirgin ceto, waɗanda ba mu san fuskokinsu ba, da wani ɗan Kano mazaunin can da ya ji labari ya kai masa abinci da kati na waya.

Ga waɗanda suka cika gidanmu a wannan dare, suka zauna da Inna har aka samu kira, da waɗanda suka bugo daga Dutse, Kano, Kaduna da Legas, da ku na Facebook da ba mu taɓa haɗuwa ba amma kuka yi ta addu'a a ƙarƙashin abin da na rubuta, mun gode ƙwarai. Wasu sun ce a dawo da yaron gida, ruwa ba abin wasa ba ne. Na san ƙauna ce ta sa suka faɗa. Karatun aikin jirgin ruwa ya je yi da tallafin gwamnati, teku ce wurin sana'arsa in Allah ya yarda, kuma Inna da bakinta ta ce ya ci gaba.

Maganar rigar nan ta tsaya mini a rai. Ba mu manta ranar 30 ga Nuwamba 2021 ba, da jirgi ya kife a ruwan Watari tsakanin Badau da Bagwai a Jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. Mun kuma ga yadda ambaliyar 2022 ta mayar da hanyoyinmu kogi, mata da yara da buhuna suna cunkushe a kwale-kwale ɗaya, babu mai ko abin riƙewa. Ɗanmu, wanda ya iya iyo tun yana ƙarami, iyonsa bai amfane shi ba da ƙarfe ya buge shi. Riga ce ta riƙe shi. To ina ga jaririn da ke goye, ko tsohuwar da ke dawowa daga kasuwa?

Saboda haka muka zauna da Inna da Kawu, muka kira Auta, muka yanke shawara a kan ragowar kuɗin gudummawa, domin bai kashe duka ba. Mun nemi izinin waɗanda suka bayar, sun amince. An sayo rigunan kariya a Kano, na manya da na yara, an damƙa su a hannun Sarkin Ruwa. Za su zauna a mashigin garinmu, duk mai hayewa ya saka, in ya sauka ya mayar, babu ko kwabo. Ba su kai yawan masu hayewa a ranar kasuwa ba. Wanda Allah ya hore wa ya ƙara ko guda ɗaya ce, ya kai wa Sarkin Ruwa kai tsaye, kada ya biyo ta hannuna. Masu fito kuma, don Allah, in jirgi ya cika a bar saura su jira sahu na gaba.

Ranar Juma'a mai zuwa bayan sallar La'asar za a yi saukar Alƙur'ani da 'yar walima a ƙofar gidanmu, don godiya ga Allah da kuma addu'a ga mahaifinmu da sauran waɗanda ruwa ya ci a yankin nan. Kowa da kowa muna gayyata, mata su shiga wajen Inna. Auta zai gaisa da jama'a ta waya in sabis ya yarda, in kuma ya ƙi, samarin jinga sun ce suna nan.

Allah ya saka wa kowa da alheri, ya mayar muku da ninkin abin da kuka fitar. Wassalamu alaikum.