Na ajiye gadi a Lekki ta Legas bayan shekara tara

Jiya na miƙa makullai. Shekara tara ina bakin get ɗaya, amma dare ɗaya ne ya ƙi fita raina, ruwan nan na Yulin 2017 da har wani bature ya fito da kwalekwale a titin Victoria Island jama'a na ta ɗaukarsa a waya ana dariya.

Mu dai ba mu yi dariya ba. Tun azumi nake ce wa oga ranka ya daɗe kwatar ƙofar gida ta toshe da leda da robobi, ya ce a bari ya dawo daga tafiya. Kafin gari ya waye ruwa ya kai gwiwa a tsakar gida. Nawa laifin ba zan ɓoye ba, madam na ta kwala mini kira daga bene wai a fitar da mota, na ruga wajen mota na manta sam ban kashe wutar gidan ba, ga yarinyar da ke aiki tana ɗakin baya, soket ɗinta a ƙasa ruwa ya shanye shi. Wallahi ranar kaɗai na taɓa yin hamdala don an ɗauke wuta. Da na je fito da ita ƙofar ƙarfen baya a garƙame, makullin kuma na aljihun oga a Abuja. Da taɓarya na fasa kwaɗon. Gida duk ƙarfe da waya don kar ɓarawo ya shigo, ba wanda ya taɓa tunanin ta ina na ciki zai fita.

Motar kuwa ta mutu a titi, aka yi wata uku ana yankar albashina. Maganar kwata ba wanda ya sake tayar da ita.

Sauran shawara ce kaɗan in ruwa ya shigo gida. Wuta ake fara kashewa. Katin NIN da takardu a ƙulle cikin leda a rataye sama. Lambar kiran gaggawa, 112 ko 767, a haddace, waya na iya jiƙewa. Kar ka ce za ka gudu wajen 'yan uwa a Agege ko Idi-Araba cikin ruwa, gadojin Third Mainland, Eko da Carter ne kowa zai nufa, gara ka hau bene.

Yaron da zai gaje ni na nuna masa makullin baya da na yanka da kuɗina, yana cikin gwangwanin madara a ɗakin gadi. Oga har yau bai san da shi ba.