Wasiƙa daga Minesota: irin da ake kaiwa cikin ƙanƙara da wanda ake reno a ɗaka

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ya hunturu, ya iyali? Zan taƙaita gaisuwa, domin tambayoyi biyu ne ke ta dawowa tun da kuka ga hotunan jarkoki jere cikin dusar ƙanƙara: me ake shukawa a wannan sanyi, kuma za a iya musayar iri tsakaninmu? Zan amsa su, in taɓo furanni da taki idan wuri ya isa.

Sai an fahimci sanyin tukuna. A Miniyafolis, birni a jihar Minesota ta Amurka, cikin Janairu ma'auni kan sauka digiri 20 ƙasa da sifiri, ƙasa ta daskare har fartanya ba ta kama ta. Akwai kuma raɓa mai daskarewa, wadda dare ɗaya ya ishe ta ƙone tumatir ƙurmus. Ba ta daina sauka sai wajen tsakiyar Mayu, farkon Oktoba kuma ta dawo. Lokacin noma wata biyar ke nan, wani lokaci bai cika ba. Shi ya sa mai lambu a nan yake kafa lissafinsa a kan ranar raɓar ƙarshe, ya riƙa ƙirga makonni yana komawa baya.

Shukar jarka ga yadda take. A samu jarkar madara ta galan ɗaya, mai barin haske ya ratsa. A huda gindinta wuri huɗu zuwa shida. A yanka ta a tsakiya, a bar ɗan wuri ƙarƙashin mariƙi don ta riƙa buɗewa kamar akwati. A zuba ƙasar reno mai laushi wadda aka jiƙa, zurfin santimita 8 zuwa 10, a yafa iri, a rufe da salatif mai ƙarfi, a cire murfin a ajiye shi gefe. Ta bakin nan ruwa da ƙanƙara ke shiga, zafi ya fita. Sai a kai waje tsakanin Janairu da Maris, a ƙyale ta. Irin yana kwance bai motsa ba, sai ɗumi ya kai yadda yake so ya tsiro da kansa, kuma tsiron ya taso da saba wa iska da sanyi.

Abin da ke ɓata ta sananne ne. Ramukan gindi su toshe, ruwa ya kwanta, iri ya ruɓe. Ko a ɗebo ƙasar lambu, ta dunƙule ta hana saiwa numfashi. Ko a rubuta suna a waje kawai, rana ta goge shi, Afrilu ya zo ba a san kabeji daga latas ba. A rubuta da fensir a kan ɗan roba a cusa ciki. Mafi ciwo shi ne ranar Afrilu mai zafi: jarka a rufe tana dafa tsiro cikin awa kaɗan, don haka da zarar ganye ya fito a riƙa buɗe ta da rana.

Masu jure sanyi ne kawai ke shiga jarka: kabeji da danginsa, latas, albasa mai lawashi, da alayyafon Turawa. Karas, wake da masara ba sa son dashe, a jira a shuka su kai tsaye.

Kayan miyarmu kuwa ɗaka za su zauna. Tumatir ana shuka shi mako 6 zuwa 8 kafin raɓar ƙarshe, wato ƙarshen Maris. Tattasai da gauta mako 8 zuwa 10. Attaruhu ya fi kowa nawa, yakan yi mako biyu zuwa huɗu kafin ya leƙo, sai a ba shi mako 10 zuwa 12, kuma ƙasarsa tana son digiri 25 zuwa 30, shi ya sa ake sa masa shimfiɗar lantarki mai ɗumi a ƙasa. Hasken taga ba ya isa. Ana rataya fitila santimita 5 zuwa 10 saman tsiro, awa 14 zuwa 16 kullum, in ba haka ba ya miƙe siriri ya faɗi. Kuɓewa kada a yi gaggawarta: mako uku ko huɗu a tukunyarta ita kaɗai, domin ba ta yafe wa wanda ya taɓa saiwarta. Kafin dashe, kwana 7 zuwa 10 ana fitar da su waje, a fara da awa ɗaya ko biyu a inuwa.

Cutar da ke karya wuyan tsiro daidai bakin ƙasa, wadda masu renon tumatir a Kadawa da Kura suka sani, ita ce dai a nan. Dalilinta ɗaya: iri ya cunkushe, ruwa ya yi yawa, iska ba ta ratsawa. Wanda ya rage yawan irin da yake yafawa a bedi, ya yi ban ruwa da safe, zai ga bambanci ko a ina yake.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tsawon yini. A Yuni rana tana yin awa 15 da rabi a nan, alhali a Kano ba ta kai 13 ba. Albasar da ake sayarwa a nan sai ta ga yinin awa 14 zuwa 16 take yin kai. Ku shuka ta a gida, lawashi kawai za ku girba. Albasar Galmi kuma, in an kawo ta nan, tana ganin dogon yini sai ta yi kai da wuri tun tana ƙarama. Yakuwa tana ba da ganye sosai, amma ba ta fure sai yini ya gajarta, lokacin kuwa raɓa na bakin ƙofa. Mai jiran zoɓo sau da yawa ba ya samu. Saboda haka ina roƙonku kada kyan hoton fakiti ya ja ku. Irin da maƙwabcinku ya girba shekara da shekaru a ƙasarku ya fi amfani gare ku.

Aiko da iri kuwa, don Allah kada a ƙulle shi a leda a cusa wa matafiyi. Doka ta wajabta a bayyana shi a filin jirgi, kuma ba takarda ƙwace shi za a yi, wanda ya ɓoye ana iya cin tararsa. Hanya biyu ce. Ko takardar shaidar lafiyar tsiro, wadda a Najeriya hukumar NAQS ke bayarwa, ko izinin shigo da ɗan ƙaramin iri daga ma'aikatar noma ta Amurka, wanda mai karɓa a nan zai nema. A ƙarƙashin izinin, kowane fakiti kada ya wuce ƙwaya 50 ko giram 10, fakiti kada su wuce 50, kowanne da sunansa na kimiyya da ƙasar da ya fito, babu ƙasa babu ƙaiƙayi, kuma sai ya bi ta tashar bincike kafin ya iso hannu. Tun 2019 an ƙara tsaurara wa irin tumatir da barkono saboda cututtuka, su kam a saye su nan ya fi sauƙi.

Furanni a taƙaice: na dajin nan, irin su milkwid, ɗan uwan tumfafiya da malam-buɗe-littafi ke kwai a kansa, ba sa tsirowa sosai sai sun kwana wata guda ko fiye cikin sanyi da laima, jarka ta dace da su. Zinniya da marigol zafi suke so, sai bayan raɓa. Maganar taki sai wasiƙa ta gaba. A gaida mutanen gida.

Wassalam,
ɗan uwanku a Minesota